Filin Tambaya da Amsa: Ina Masu Kallon American Idol Suka Tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar koyon aikin jarida ce, kuma an ba mu aikin bincike a kan shirye-shiryen gasa na talabijin da suka daɗe ana gabatar da su. Na zaɓi American Idol, gasar waƙa ta Amurka, saboda tun ina ƙarama nake ganin yayyena suna kallonta ta tauraron ɗan'adam. Na karanta cewa a da mutum miliyan 30 ke kallon shirin a dare ɗaya, amma yanzu da ƙyar yake samun miliyan biyar ko shida. Don Allah me ya jawo wannan faɗuwa haka? Daga wata ɗaliba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da kika karanta gaskiya ne, kuma kafin a yi maganar faɗuwa ya kamata mai karatu ya san tsayin inda aka faɗo. Tashar Fox ce ta fara nuna shirin a watan Yunin 2002, bayan wani Baturen Ingila mai suna Simon Fuller ya ɗauko tsarinsa daga wata gasa da ya ƙirƙira a ƙasarsu a 2001. A daren da aka bayyana wadda ta lashe zangon farko, wato Kelly Clarkson, kusan mutum miliyan 23 ne suka kalla, sannan a ƙarshen zango na biyu a 2003 adadin ya kai kimanin miliyan 38. Daga nan shirin ya riƙe matsayi na ɗaya a ƙididdigar kamfanin Nielsen, wanda shi ke auna yawan masu kallon talabijin a Amurka, har shekara takwas a jere. A 2006, lokacin da yake ganiyarsa, matsakaicin masu kallonsa a kowane dare ya kai kimanin miliyan 30, har ta kai sauran tashoshi suna kauce wa sa manyan shirye-shiryensu a daren da ake nuna shi, domin sun san ba za su sami kasuwa ba.

To, ki dubi daren ƙarshe na kowane zango daga baya, ki ga yadda abin ya riƙa zubewa. A 2011 kimanin miliyan 29 ne, a 2012 ya koma miliyan 21 da ɗoriya, a 2013 miliyan 14, a 2014 miliyan 10 da rabi, a 2015 kuwa miliyan 8 kacal. A watan Mayun 2015 ɗin ne Fox ta sanar cewa zango na 15 shi ne na ƙarshe a wurinta, aka kuma rufe shirin a watan Afrilun 2016, kafin tashar ABC ta farfaɗo da shi a watan Maris na 2018.

Dalilan suna da yawa, amma a ganina ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wanda ya fi kowanne nauyi shi ne wanda masu shirin suka fi jinkirin ganewa. Abin da American Idol ya sayar wa jama'a tun farko alkawari ne guda ɗaya: cewa yarinyar da ke aikin kai abinci da abin sha a wani ƙaramin gari a jihar Texas, ko wadda ta tashi a gona a Oklahoma, za ta iya tsayawa a layi da lamba manne a ƙirjinta, ta rera waƙa a gaban alƙalai uku ba tare da kiɗa ba, sannan ƙuri'ar mai kallo da ke zaune a falonsa ta mayar da ita tauraruwar da duniya ta sani. Muddin alkawarin yana cika, mutane suna da dalilin zama su kalla, su kuma buga waya su jefa ƙuri'a. Kelly Clarkson ta cika shi. Carrie Underwood, wadda ta ci gasar a 2005, ta cika shi fiye da yadda kowa ya zata. Ko waɗanda ba su ci ba sun amfana, domin Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a 2004, amma a 2007 ta karɓi kyautar Oscar, Chris Daughtry kuma na huɗu ya zo a 2006 ya fita ya sayar da miliyoyin faifai. Daga wajen 2013 zuwa gaba kuwa, sai aka shiga yanayin da za a naɗa gwani a watan Mayu, kafin shekara ta zagayo ba a jin waƙarsa a rediyo, yawancin waɗanda suka zaɓe shi ma sun manta sunansa. Wanda ya kwashe wata huɗu yana bibiyar gasa, ya jefa ƙuri'a kowane mako, sannan ya ga ƙuri'arsa ba ta sauya rayuwar kowa ba, da wuya ya sake ba da lokacinsa a shekara mai zuwa.

Akwai kuma abin da tsarin ƙuri'ar kansa ya haifar. Tun daga 2008 aka yarda masu gasa su riƙa kaɗa kayan kiɗa a dandamali, kuma daga wannan shekarar har zuwa 2012, sau biyar a jere, samari farar fata masu kaɗa jita ne suka lashe gasar: David Cook, Kris Allen, Lee DeWyze, Scotty McCreery da Phillip Phillips. Ba ina cewa ba su da baiwa ba ne, wasunsu sun yi suna sosai. Matsalar ita ce, da yake ana barin mutum ɗaya ya jefa ƙuri'a sau da yawa, wani rukuni na masu kallo da suka fi naci su suka riƙa yanke hukunci, har ya zama tun tsakiyar zango ana iya nuna wanda zai ci. Gasar da aka san ƙarshenta tun kafin a je, ai ta rasa gishirinta.

Sai batun cunkoso. A watan Afrilun 2011 tashar NBC ta fito da The Voice, inda alƙalai ke juya wa mawaƙi baya su saurari muryarsa kawai, kuma daga 2012 ta mayar da shi sau biyu a shekara. A watan Satumban 2011 ita kanta Fox ta kawo The X Factor na Simon Cowell, wanda ya bar kujerar alƙalancin Idol a 2010, ga kuma America's Got Talent da ake yi a watannin zafi tun 2006. A da sai mutum ya jira watan Janairu kafin ya ga gasar waƙa, yana ɗokinta. Yanzu kusan babu watan da ba a yin wata. Ni dai ina ganin Fox da hannunta ta rage wa shirinta daraja a lokacin da ta kawo masa kishiya cikin gida, kishiyar da ita ma ba ta wuce zango uku ba aka dakatar da ita bayan na 2013.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ni ina ganin ana zaluntar shirin nan da waɗannan alƙaluma. Ai ba shi kaɗai ya rasa masu kallo ba, talabijin ɗin ce gaba ɗaya mutane suka guje mata suka koma waya. Ko ba haka ba ne? Daga wani ma'aikacin gidan rediyo, Kaduna.

AMSA: Lafiya lau, ɗan'uwa. Maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk mai bincike na gari dole ya fara da ita. Lokacin da aka fara shirin a 2002 babu YouTube, wanda sai 2005 ya zo, kuma Netflix bai fara nuna finafinai ta intanet ba sai 2007. Nielsen ya bayyana cewa a watan Mayun 2025, a karon farko, kallo ta intanet a Amurka ya zarce kallon tashoshin gargajiya da na kebul idan an haɗa su wuri ɗaya. A irin wannan zamani, in ka ɗebe wasan ƙwallon Amurka da 'yan wasu manyan bukukuwa, babu shirin mako-mako da ke tara mutum miliyan 30, don haka miliyan biyar na yau ba daidai yake da miliyan biyar na 2006 ba, kuma wannan ne ya sa ABC take ci gaba da sabunta shirin kowace shekara.

Amma wannan bayani bai wanke shirin duka ba. Tsakanin 2011 da 2015 masu kallon daren ƙarshe sun ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, alhali talabijin gaba ɗayanta ba ta yi irin wannan asara a shekara huɗu ba, kuma a daidai wannan lokacin ne The Voice ke tashe a irin akwatin da ake cewa an guje masa. Sannan akwai abin da ya fi raguwar adadi ciwo ga masu tasha, wato tsufan masu kallo. Kamfanonin talla a Amurka sun fi biyan kuɗi a kan 'yan shekara 18 zuwa 49. Matsakaicin shekarun mai kallon Idol a zangon farko bai wuce 32 ba, amma zuwa 2013 ya haura 50. Duk wanda ya kalli shirin a zamanin ganiyarsa zai tuna jajayen kofunan Coca-Cola da ke jere a gaban alƙalai, kowane alƙali da nasa, tambarin yana fuskantar kyamara. Kamfanin ya janye a ƙarshen 2014 bayan shekara 13, kamfanin waya na AT&T da ake jefa ƙuri'a ta saƙonsa kuma ya riga shi fita tun a farkon 2014 ɗin. Ranar da kofunan nan suka ɓace daga teburi, masu lura sun san kwanan shirin a Fox ya kusa ƙarewa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni tun da Simon Cowell ya tafi na daina kallo. Ba ka ganin idan aka samo alƙalai masu zafi irinsa, ko manyan taurari, jama'a za su dawo? Daga wata uwargida mazauniyar Amurka.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, a gaida iyali. Mutane da yawa ra'ayinsu ɗaya da naki, su ma masu shirin a nan suka zuba mafi yawan kuɗinsu, kuma a nan ne nake ganin suka fi yin asara. Bayan Paula Abdul ta tafi a 2009, Cowell ya bi ta a 2010, kujerun alƙalai sun zama kamar masaukin baƙi: Ellen DeGeneres ta yi zango ɗaya ta tafi, Jennifer Lopez da Steven Tyler suka zo a 2011, sannan a 2013 aka haɗa Mariah Carey da Nicki Minaj a teburi ɗaya, inda aka ruwaito cewa Carey kaɗai an biya ta kimanin dala miliyan 18. Tun kafin a fara nuna zangon wani bidiyon cacar baki tsakanin su biyun ya bazu, jaridu suka yi ta yayata shi, aka yi zaton rigimar za ta jawo 'yan kallo. Sakamakon shi ne masu kallon daren ƙarshe suka ragu da kusan miliyan bakwai a shekara ɗaya, dukkansu biyun kuma suka bar shirin. Wadda ta ci gasar a shekarar, Candice Glover, tana cikin mafiya kyawun murya da aka taɓa ji a dandamalin, amma labarin alƙalai ya binne nata, kuma wannan abin takaici ne ƙwarai.

Abin da ya sa Cowell ya yi tasiri ba zafin bakinsa kaɗai ba ne. Kafin shirin, Amurkawa ba su san shi ba. Ma'aikacin kamfanin waƙa ne wanda sana'arsa ita ce gane abin da zai sayu, kuma idan ya ce wa yaro waƙarsa ba ta yi ba, mai kallo yana jin cewa an faɗi abin da ke ransa. Saboda yabonsa yana da wuyar samu, ranar da ya yaba wa wani sai maganar ta yi nauyi. Babban tauraro kuwa yana da sunan da yake karewa da masoyan da ba ya son ɓata wa rai, shi ya sa yakan zaɓi ya yabi kowa. Tun da ABC ta karɓi shirin da Katy Perry, Luke Bryan da Lionel Richie, ta samu zaman lafiya a teburin, domin su ukun sun zauna tare zango bakwai kafin Carrie Underwood ta maye gurbin Perry a 2025, kuma wannan dawwama abin yabo ce. Sai dai gyara ya yi ƙaranci a bakinsu. Idan kowane mai gasa an miƙe tsaye an tafa masa, mai kallo ba shi da ma'aunin da zai bambance gwani da mai matsakaicin hali, shi kansa yaron kuma an hana shi abin da zai ƙaru da shi. Ba cin mutunci nake nema ba, domin yadda aka riƙa nuna marasa murya a zangunan farko don a yi musu dariya bai dace ba, kuma gara da aka rage shi. Abin da ake buƙata shi ne aƙalla mutum ɗaya a teburin wanda ya san aikin ɗakin naɗar waƙa, wanda zai iya cewa wannan waƙar ta fi ƙarfin muryarki, ko kin shiga baiti na biyu a makare, ya kuma faɗe shi cikin mutunci.

TAMBAYA: Malam, to in kai aka ba wa shirin, me za ka gyara? Ko kuwa a haƙura a rufe shi kawai? Ina tambaya ne domin muna da irinsa a nan gida, Nigerian Idol, kuma na ji an rufe na Afirka ta Kudu. Daga wani matashi mai haɗa bidiyo, Jos.

AMSA: Ƙanena, gaskiya ne an rufe na Afirka ta Kudu a 2023 bayan zango 19, kuma duka tsatsonsu ɗaya da na Amurka, don haka abin da zan faɗa zai iya yi wa masu irin wannan shiri amfani a ko'ina. Ban ga dalilin rufe na Amurka ba muddin yana biyan kuɗin kansa, amma duk wanda ya ce zai dawo da miliyan 30 yaudarar kansa yake yi.

Da ni ne, da inda ake ganin an gama nan zan fara, wato washegarin naɗa gwani. A zamanin farko wanda ya ci yana fita da kwantiragi da babban kamfanin waƙa, a fitar masa da waƙa cikin 'yan makonni, a zagaya da shi da sauran 'yan goman farko manyan filaye a faɗin ƙasa, ta yadda kafin zango na gaba ya zo jama'a sun ga amfanin ƙuri'arsu da idonsu. Wannan inji ne ya lalace. A 2015 Phillip Phillips ya kai ƙarar kamfanin 19 Entertainment, mai kula da waɗanda suka ci gasar, yana neman a raba shi da kwantiragin da ya ce ta danne shi, kuma a 2016 uwar kamfanin ta nemi kariyar kotu saboda bashi. Ka kuma dubi labarin Benson Boone: ya shiga gasar a 2021, alƙalai suka yaba masa ƙwarai, amma ya janye da kansa, ya je ya gina sunansa a TikTok, zuwa 2024 waƙarsa tana cikin waɗanda aka fi saurara a duniya. Idan yaro mai baiwa ya lissafa ya ga ficewa daga gasarka ta fi masa riba a kan lashe ta, to ba alƙali kake buƙatar sauyawa ba. Rabin abin da ake biyan tauraro ɗaya a teburi, in aka kashe shi a kan marubuta waƙa, da naɗi mai inganci, da tallata wanda ya ci har tsawon shekara guda a kan kwantiragi mai adalci, zai fi jawo masu baiwa na gaske, su kuma su ne ke jawo 'yan kallo.

Na biyu, a girmama lokacin mai kallo. Shekara da shekaru ana ware dare guda na sanar da sakamako, sa'a ɗaya cur domin labarin da bai wuce minti biyu ba: mai gabatarwa Ryan Seacrest zai sa a rage fitilu, ya jera yara biyu suna riƙe da hannun juna suna rawar jiki, ya buɗe baki kamar zai faɗi wanda aka cire, sai ya ce sai an dawo daga talla. Mutane sun jure wannan lokacin da ba su da zaɓi. An soke daren a 2015, an kuma yi daidai, amma har yanzu ana cinye lokaci mai yawa a kan labaran tausayi na masu gasa, rashin lafiya ko rasuwar wani nasu, kafin a ji muryarsu. Labari ɗaya na gaskiya yana taɓa zuciya, kamar yadda na Iam Tongi, ɗan Hawaii da ya ci a 2023 bayan rasuwar mahaifinsa, ya ratsa mutane har bidiyon gwajinsa ya zagaya duniya. Amma idan kowane yaro sai an sa shi kuka kafin ya yi waƙa, zuciyar mai kallo takan dushe.

Game da matasa kuwa, akwai darasi a cikin gidan ABC ɗin kanta. Gasar rawa ta Dancing with the Stars, wadda aka fara a 2005, ta tsufa har aka ɗauke ta daga tashar aka mayar da ita manhajar Disney+ a 2022. Da aka dawo da ita a 2023 ana nuna ta a wuraren biyu lokaci ɗaya, aka kuma riƙa sa matasan da suka yi suna a intanet, su da masu koya musu rawa suna sakin gajerun bidiyo na atisaye duk mako, sai ga 'yan makaranta sun dawo suna kallo kai tsaye domin su jefa ƙuri'a. Idol ya riga ya yi rabin wannan aiki tun 2018, lokacin da ya fara nuna wasu darare kai tsaye a duk faɗin Amurka a lokaci ɗaya, ana jefa ƙuri'a ana sanar da sakamako a daren. Abin da ya rage shi ne a sakar wa masu gasa mara su yi hulɗa da jama'a da kansu a tsakanin mako, a ƙara ba su damar rera waƙoƙin da suka rubuta maimakon tsofaffin da aka maimaita shekara ashirin, a kuma tsaurara iyakar ƙuri'ar mutum ɗaya domin sakamako ya nuna ra'ayin masu yawa.

Wasu suna ba da shawarar a ba shirin hutu mai tsawo domin a yi kewarsa, suna kafa hujja da Big Brother na Ingila da aka dakatar a 2018 aka dawo da shi a 2023. Ban cika gamsuwa da wannan ba. Idol ya huta kusan shekara biyu, ya dawo da kimanin mutum miliyan 10 a darensa na farko a ABC, daga nan adadin ya ci gaba da sauka, domin hutu yana jawo mutane su leƙo ne kawai, ba ya zaunar da su. Ga masu shirya irin wannan gasa a nan gida kuwa, tambayar da zan so su fara amsawa kafin su nemi sabon alƙali ko sabon mai ɗaukar nauyi ita ce: waɗanda suka ci zangunan uku na baya, ina suke yanzu, waƙa nawa aka naɗa musu, kuma wa ya biya kuɗin tallata su?